Yadda Kawu ya raini bado daga ƙwaya a ramin bayan lambunsa

Wannan bayanin aikin da kawuna, ƙanin mahaifiyata, yayi ne a lambunsa dake wani ƙauye tsakanin Nguru da Gashuwa, inda ya ɗauki ƙwayar bado ya raine ta tun daga baho har ta kai ga fure da 'ya'ya a cikin wani tsohon rami da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini. A wajenmu dai ba wanda yake shuka bado, abu ne da ake ɗauka kamar kainuwa dashen Allah, damina ta faɗi tafki ya cika ka ganshi ya rufe ruwa, yara su shiga su tsinko, shikenan. Shi yasa da ya fara mutane suka ɗinga yi masa dariya, wai Malam ya rasa abun nomawa sai abincin yunwa.

Dalilinsa kuwa bana wasa bane. Inna, wato kakarmu, tun tana yarinya take cin bado, kuma tana cikin waɗanda suka ga farin 1973 dana 1984, lokacin da gero ya gagara mata suka koma tafki suna tsinko 'ya'yan bado suna tono saiwarsa a laka. Wurin da take ɗebowa a da yanzu ba ko ganye ɗaya, kachala, wato doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta cinye shi tas. Duk wanda ya san dausayin Haɗeja da Nguru ya san wannan labarin, tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara dana Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza, wasu wuraren da ruwa yake zuwa ya tafi sai ya koma yana kwanciya shekara guda cur, wasu kuma ambaliyar ta daina kai musu yadda ta saba. Kachala ba abun da take so irin ruwa mara zurfi da baya ƙafewa, ta toshe hanyoyin ruwa irinsu Marma, ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero, masunta ma kwale-kwale baya ratsa ta. An saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun shekarar 2000 amma kachala bata san da wannan ba. Bado bai ƙare a yankin ba, a'a, akwai shi, sai dai ya yi wa Inna nisa, sai an hau babur an je can ciki.

Toh ramin Kawu yana cika da ruwan sama wajen Yuli, a tsakiyarsa ruwa yakan kai ƙirjin babban mutum, gefe kuma gwiwa zuwa cinya, yana riƙe ruwa har wajen Fabrairu sannan ya ƙafe ya tsattsage. Yana da injin ban ruwa a rijiyar lambun, kenan in yaso zai iya ƙara masa ruwa da rani. Yakan zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki duk shekara. Wannan tarwaɗar ku riƙe ta, zata dawo.

Karon farko abun da yayi shine abun da kowa zai yi. Ya sayi bado wajen yara ranar kasuwa, ya fasa ya watsa ƙwayar a tsakiyar ramin lokacin ruwa a cike yake, ya zauna jira. Ko ɗaya bata fito ba. Da ya kai wa Inna ƙorafi tambaya ɗaya tayi masa, tace kai da ka fasa wane launi ka gani, yace ja-ja ne Inna, tace ai ɗanye ka shuka, wannan na ci ne. Gaskiyarta kuwa, yara suna tsinko shi tun bai ƙosa ba don a lokacin yafi daɗin taunawa, ƙwayar da ta ƙosa duhu take yi, toka-toka zuwa ruwan ƙasa, kuma tana da tauri in ka matsa ta da farce. Ko da ma ta ƙosa ɗin, wurin da ya zuba ta ba zata rayu ba, ƙwayar bado ko girman ƙwayar gero bata kai ba, ɗan abincin dake cikinta ba zai iya turo ganye daga zurfin ƙirji a cikin ruwan da tarwaɗa ta dama ya zama kunu ba, haske baya kaiwa ƙasa, kuma duk abun da ya ɗan tsiro kifin zai tumɓuke shi yana tonon laka.

Anan ne ya tsaya ya kalli yadda abun yake yi da kansa a tafki. Ƙwayar tana kwana a busasshiyar laka duk rani, ruwan farko ya sauka ya kwanta ɗan kaɗan, rana ta ɗumama shi, ta tsiro a ruwan da bai wuce idon sawu ba, sannan ruwa ya ɗinga ƙaruwa a hankali ita kuma tana miƙa ganye tana binshi sama. Duk aikin da yayi daga baya kwaikwayon wannan ne kawai, kuma ni a ganina nan ne gaba ɗaya sirrin yake, sauran duk ƙananan dabaru ne.

Maganar samun iri mai kyau ita ta fi cin lokaci. Badon da yake nema shine farin nan mai buɗewa da dare, wanda gefen ganyensa yake da haƙora-haƙora, masana suna kiransa Nymphaea lotus. Akwai wani mai shuɗi-shuɗin fure da yake buɗewa da rana, shima ana samunsa a tafkunanmu, amma Inna tace farin yafi cika da ƙwaya. Furen yakan buɗe bayan duhu yayi ya rufe da hantsi, yayi haka 'yan kwanaki, in ya samu barbara sai sandar ta lanƙwasa ta ja shi cikin ruwa, acan ƙasa ɗan yake girma wajen wata guda, in ya ƙosa ya fashe da kansa, ƙwayar ta taso sama don kowace tana cikin wata 'yar jaka mai yauƙi da ke riƙe iska, tayi yawo akan ruwa na ɗan lokaci sannan jakar ta ruɓe ta nutse. Matsalar kenan, in ka tsinka da wuri ɗanye ne, in ka makara ya watse. Abun da Kawu yayi da kaka, wajen Oktoba, ya samu wani masunci da suke mutunci suka shiga da kwale-kwale, ya yayyanka tsohon gidan sauro ya ɗinga ɗaure 'ya'yan da suka fara girma a ƙarƙashin ruwa, ya ɗaura tsumma a jikin kara don ya gane wurin. Da suka koma wasu sun fashe a cikin ragar, ƙwayar na nan ba inda taje. Ya kawo gida ya zuba a bokiti da ruwa ya barshi yauƙin ya ruɓe, wari kam ba'a magana, matarsa sai da ta kore shi da bokitin zuwa bayan gida, sannan ya wanke a rariya mai ƙananan ido, wadda ta nutse ya ɗauka wadda ta tsaya a sama ya zubar, ya shanya a inuwa akan buhu har ta bushe ya ƙulle a takarda ya sa a gwangwani.

Bai shuka da hunturu ba, wannan badon ɗan zafi ne, ruwan Disamba da Janairu yayi masa sanyi, zai zauna ne kawai ko ya ruɓe. Sai da zafi ya shigo ƙarshen Maris.

Ga yadda ya haɗa bahon. Ya samo laka mai danƙo daga fadama, ba ƙasar bola ba, ba kuma wadda aka cakuɗa da ɓuntun shinkafa ko dussa ba don waɗannan tasowa suke in an zuba ruwa. Ya shanya ta ya farfasa ya tankaɗe, sannan ya tafasa ruwa ya kwarara mata, saboda lakar fadama tana zuwa da baƙi, irin kachala da sauran ciyayi, ga ƙananan katantanwa da suke iya lafewa a busasshiyar laka su jira ruwa. Ya zuba lakar a manyan bahon roba kaurin kamar faɗin tafin hannu, ya danne ta ta kwanta sumul tana jiƙe, ya barbaɗa ƙwayar sama-sama ba cunkoso, ya yayyafa yashi ɗan siriri wanda da ƙyar ya rufe ta. Wajen zuba ruwa ne ake yin ɓarna, in ka kwarara kai tsaye busasshiyar ƙwayar duk zata taso ta taru a gefe guda, shi sai ya fara yayyafi da hannu ya bari ta sha ta kama laka, washegari ya kifa murfin kwano a gefe yana zuba ruwa akai a hankali har ya hau saman yashin da kamar yatsa biyu zuwa uku. Taki ko kaɗan bai sa ba. Baho ɗaya ne ɗansa ya jefa wa kashin kaji wai don ya taimaka, cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma kore shar gansakuka ta rufe komai, wannan bahon dai asararsa akayi.

Cikin sati na biyu aka fara ganin abu, kuma ba lokaci ɗaya suke fitowa ba, wasu har wata guda suna ɓullowa. Wanda bai sani ba zai cire ya yar, don ganyen farko siriri ne kamar zare, kore, tsaye a cikin ruwa, ba abun da ya haɗa shi da bado a ido. Bayansa sai wasu ƙananan ganye masu laushi masu tsini su fito su kwanta a ƙasan ruwa, in ka ɗaga ɗaya a yatsa haske na ratsa shi, sai daga baya ne zaka ga wani ya miƙo da doguwar sanda ya zo ya kwanta a saman ruwa, ɗan zagaye da tsaga a gindi, bai fi farcen babban yatsa ba, wani da ɗigo-ɗigon ja. Ranar da wannan ya fito ne Kawu ya aika a kira Inna. Ta duƙa ta kalla tace toh yanzu ka shuka bado.

Abubuwan da suka dame shi a wannan matakin ba waɗanda ya zata bane. Na farko zafi. Afrilu a wannan yankin ana haura digiri 40, baƙin baho a rana tsaka ruwan ciki yakan yi zafin da hannu ma baya so, 'yan tsiron suka fara dahuwa suna yin fari. Sai ya haƙa rami ya binne bahon har baki, ya kuma yi 'yar rumfar zana ta yamma yadda zasu sha ranar safe har azahar sannan inuwa ta rufe su, kullum da yamma ya ƙara ruwan da ya ƙafe da wanda ya kwana a randa. Na biyu kaji da agwagi, agwagwa ɗaya in ta samu baho minti kaɗan ya ishe ta. Sai kwaɗi da suke zuwa su yi ƙwai, da sauro. Duk waɗannan gidan sauron nan dai shi ya raba gardama, ya lulluɓe bahon dashi ya danne gefe da bulo. Maganar sauro kar a raina ta, ruwa ne a kwance kusa da gida, in ba'a rufe ba ka buɗe wa unguwa masana'antar zazzaɓi, kuma maƙwabta suna da gaskiya in sun yi magana.

Da kowane tsiro yayi ganyen sama biyu uku sai ya fara rabasu. Yana sa cokali ya ɗebo da lakarsa don saiwar fara ce mai taushi, in ta katse sai ya ja baya. Kowane ɗaya ya samu mazubinsa, yankakkun jarkoki da tsofaffin bokitan fenti da aka wanke sosai, a can ƙasa ya sa ɗan ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya shekara, ya rufe da laka mai kauri yadda takin ba zai taɓa ruwa ba, ya dasa tsiron a tsakiya, idon da ganye ke fitowa yana waje ba'a binne shi, sannan ya jera tsakuwa a sama. Ya tara su a wani yankakken duro da tsohon kwamin siminti na shayar da dabbobi, ruwa kamar taƙi ɗaya a samansu, duk bayan 'yan kwanaki ya ƙara kaɗan. Abun mamaki shine saurin da sandar ganyen take miƙewa, ka ƙara ruwa da yamma ganye ya nutse, gobe ko jibi ka tarar ya dawo sama. Masu rauni ya zubar dasu ba tausayi, daga ɗaruruwan da suka tsiro abun da ya kai rami bai fi ashirin ba, kuma ma sun isa don bado ɗaya in ya samu wuri yana shimfiɗa ganye ya rufe fili mai faɗi.

A wannan shekarar ya haƙura da tarwaɗa gaba ɗaya, wanda shine ainihin kuɗin da aikin ya ci masa, don sauran kayan duk tsince-tsince ne. Da ruwa ya fara taruwa a ramin ya jera bokitan a gefe inda ruwa bai wuce gwiwa ba, wasu ya ɗora su akan bulo, ruwa na ƙaruwa yana janye bulon ko ya matsar dasu. Wasu kuma ya fasa gindin jarkar ya dasa su kai tsaye a lakar ramin. Cikin Agusta akayi wani ruwa mai ƙarfi da dare, ramin ya cika ya batse da jan ruwa mai laka, waɗanda ya kai can tsakiya da wuri don zumuɗi suka nutse ba su ƙara tasowa ba, na gefe kuma ko a jikinsu. Da za'a tambaye ni, da sai ince kar a kai ƙaramin bado inda ruwa zai iya haura shi da fiye da kamu ɗaya a dare guda, a bari ya yi ƙarfi tukun, babba ne yake jure zurfin ƙugu.

Furen farko ya fito ƙarshen damina. Na farko-farkon wasu ruɓewa suka yi ba ɗa, lokacin fure ɗaya ne ko biyu a buɗe a dare. Yadda furen yake, a darensa na farko ɓangaren macen ne a shirye, garin namijin sai dare na gaba yake zuba, kenan yafi samun barbara in akwai furanni da yawa masu bambancin kwana, ƙwaro irin buzuzu yana shiga da dare ƙudan zuma kuma da sassafe kafin ya rufe. Kawu ya ɗan taimaka da hannu, bayan sallar asuba yakan tsinko zaren rawaya daga tsohon fure ya karkaɗa a tsakiyar sabon buɗewa, amma da furanni suka yawaita ya daina, ƙwarin sun karɓi aikinsu. Darɓa ta ɗan kama ganyen, bai yi feshi ba tunda abun ci ne kuma ruwa ne, danna ganyen yake cikin ruwa ya wanke su.

Akwai maganar tsargiya, wato ciwon fitsarin jini, da dole a faɗe ta, don katantanwar da ke ɗauke da ita tana son maƙalewa a bayan ganyen bado. Wannan na cikin amfanin shuka daga ƙwaya maimakon ka tumɓuko uwar daga tafki ka kawo, uwar tana zuwa da katantanwa da ƙwanta a jiki. Amma ko ba ka kawo ba tana iya zuwa da ambaliya, kuma ciwon yana kama ruwa ne in mai ɗauke dashi yayi fitsari a ciki. Don haka Kawu ya kewaye ramin da ƙaya da waya, ba wanka ba wasan yara, wanda dama ya kamata ko don gudun faɗawar ƙananan yara, shi kansa da dogon takalmin roba yake shiga gefe, na nesa kuma da gora mai ƙugiya yake jawowa. Wanda duk ya ga jini a fitsari asibiti zai je, maganin praziquantel ne.

Abun da aka samu a ƙarshe, in za'a faɗi gaskiya, ba yawa. Bayan an ware na iri, busasshiyar ƙwayar da ta shiga hannun Inna kwano ɗaya ce da ɗan kai. Ta shanya 'ya'yan suka bushe ƙarau, ta ɗan daka a turmi sama-sama, ta sheƙe ta bakace a faifai, ta wanke saboda tsakuwa, rabi ta turara kamar dambu aka sa mai da yaji, rabi aka niƙa da gero tayi tuwo. Jikoki wasu sun ci wasu sun ture. Da ruwa ya ja baya cikin Fabrairu aka tono saiwar, dunƙule-dunƙule baƙi a waje, ta dafa ta zubar da ruwan farko saboda ɓauri sannan aka ɓare aka ci. Manyan kawai aka ɗiba, ƙananan aka barsu a laka. Wannan cin ba namu bane mu kaɗai, a kwarin kogin Senegal ana dafa ƙwayar kamar shinkafa, a Sudan ta Kudu ma shekarun ambaliyar nan da gonaki suka nutse bado ne ya riƙe gidaje da dama. Amma wanda yake lissafin riba ya sani, da tarwaɗar ya zuba a wannan shekarar da yafi samun kuɗi nesa ba kusa ba, kuma kasuwar ƙwayar bado a wajenmu ƙarama ce, ta tsofaffi da masu sha'awa.

Inda lissafin ya gyaru shine shekara ta biyu. Bai sake haɗa baho ba, ruwan farko na kwanciya saiwoyin da aka bari suka turo ganye, kuma su ba irin 'yan zaren nan bane, da ƙarfinsu suke fitowa don suna da ajiyar abinci, ga ƙwayar da ta zube da kanta ita ma ta tsiro a gefe-gefe. Da suka kafu sai ya dawo da tarwaɗa amma ba da yawa ba, ya raba ramin da raga, kifi a ɓangaren zurfi bado a gefe, yana kuma rage ganye in sun nemi rufe ruwan duka don kifin ya samu iska.

Abu biyu ne har yanzu bai gama dasu ba. Kachala ta gano ramin, irinta iska ke kawowa, duk sati sai ya zagaya ya tumɓuke 'yan tsironta tun suna ƙanana, kuma saboda ita ne ya fasa shawarar da yayi ta ƙara ruwa da inji don ramin ya daina ƙafewa, gara ya bushe ƙurmus na 'yan watanni kamar yadda ya saba. Na biyun kuma maƙwabcinsa ta gabas ya fara shinkafa yana feshin maganin ciyawa, in akayi ruwa mai yawa rarar gonar tana gangarowa ta nan, bara ganyen wannan gefen sai da suka murɗe suka yi rawaya. Sun zauna da mai unguwa an yarda Kawu zai ɗaga kunya ta wannan ɓangaren shi kuma maƙwabcin zai juya magudanarsa kudu, kunyar an ɗaga, magudanar ce ake jira ya gyara kafin ruwa ya sauka.